Mai Riƙe Tsani

Tun da suka shiga tasi tsohon yake duba allunan shaguna ta taga. Ba karanta su yake yi ba, don bai taɓa zama a aji ba. Kallon likita yake yi musu: ya ga harafin da ya rame, ya ga wanda ya kumbura, ya ja tsaki.

"Wannan na inji ne," in ji shi. "Wancan ma na inji. Kai, duk titin nan babu hannun mutum ko ɗaya."

Direba ya yi dariya, ya leƙo ta madubi yana neman mai taya shi. 'Yar tsohon ba ta taya shi ba. Tana zaune kusa da mahaifin nata a kujerar baya, jakar kayansa a kan cinyarta, akwatin buroshinsa na katako a tsakanin ƙafafunta. Da safen nan ta ninke masa riguna, ta rubuta sunansa a wuyan kowace da alƙalamin da ba ya fita a wanki, kamar yadda aka ce ta yi. Tana rubutun tana jiran kuka ya zo. Bai zo ba, sai ta tashi ta dafa shayi.

Tsohon ya juyo gare ta cikin ladabi. "Baiwar Allah, wurin aikin da nisa ne?"

"Mun kusa, Baba."

"To madalla. Fenti ba ya son rana ta take."

An daɗe rabon da ya kira ta da wani suna ban da baiwar Allah. Da farko abin yana soke ta har ta kasa cin abinci. Yanzu ta saba, kamar yadda ake sabawa da takalmi mai matsi.

A zamaninsa Mai Buroshi ake ce masa, kuma duk shagon da ya amsa sunansa shago a unguwannin nan, shi ya rubuta masa allo. Cikin kalmomin Turancin da ya zana, babu wadda ta shanye masa fenti kamar ROYAL. Mai aski yana so, mai burodi yana so, mai wanki da guga, mai faci, har da wani mai sayar da kaji wanda shagonsa ba ka iya tsayuwa a ciki don wari. Kowa ROYAL, kowa da kambi a bisa. Shi kuwa bai san sunan harafi ko ɗaya ba, sai ya raɗa musu nasa. Na farko mai harbi, saboda ƙafar da ya miƙo gaba. Na biyu ƙwai. Na uku mai ɗaga hannu. Na huɗu tsani. Na ƙarshe malalaci, don ya zauna ya miƙe ƙafa. Kambin kuma hula yake ce masa, kuma bai taɓa ɗora shi a miƙe ba, sai ya ɗan karkata shi hagu. In mai shago ya yi ƙorafi ya ce masa, "Haba malam, kan mutum ai ba tebur ba ne."

'Yarsa ce ke riƙe masa tsani in an yi hutun makaranta, domin yayanta ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya, da ya ji ƙarar ƙwallo ya saki ya tafi. Daga nan ta samu sunan 'Yar Tsani. Aikin yana da doka ɗaya tak. Mai Buroshi ba ya kallon ƙasa in yana sama, ya ce kallon ƙasa ke karkata layi. Saboda haka kafin ya hau, da lokaci-lokaci yana sama, da kafin ya sauko, sai ya tambaya: "An riƙe?" Na ƙasa ya amsa: "An riƙe." In bai ji amsa ba, ƙafarsa ba ta motsi ko da aradu za ta faɗo.

Wata rana ta tambaye shi ma'anar kalmar ROYAL. Ya ce ta tambayi masu shago, su suka ce a rubuta. Ta kuwa bi su ɗaya bayan ɗaya da bakinta mai kaifi. Mai aski ya ce ma'anarta reza ɗaya, mutum ɗaya. Mai burodi ya ce burodin da ba a yi wa rowar sukari ba. Wani mai masaukin baƙi ya bugi ƙirji ya ce ma'anarta babu kuɗin cizo a gadajensa. Mai faci ne kaɗai ya faɗi gaskiya: "Wallahi yarinya ban sani ba. Na dai ga na tsallaken titi ya sa, kuma ya fi ni ciniki." Sai da ta kai aji na gaba malamar Turanci ta ce musu kalmar tana nufin abin da ya shafi sarki ko sarauniya ko gidan sarauta, wani lokaci kuma a faɗe ta ga duk abin da ake so a nuna ya ƙasaita. Da gudu ta kawo labarin gida. Mahaifinta ya tsaya da buroshi a cikin kananzir, ya ce, "Ashe! Shi ya sa suke cewa in ɗora hula. To ke kin taɓa ganin sarki ya kawo taya faci?" Ranar ta yi dariya har da riƙe ciki.

Wannan duk ya wuce. Injin buga allo ya zo ya kwashe aikin, mahaifiyarsu ta rasu, sannan mantuwa ta fara cin tsohon a hankali. Ya manta hanyar gida, ya manta ya ci abinci, ya manta ita. Buroshinsa kaɗai bai manta ba: kullum sai ya fito da su ya wanke, ya gyara musu baki da yatsa, ya mayar. Ita tana aiki a kantin magani, kuma ba a ba mutum albashi don ya zauna gida. Ta gwada kulle shi a ɗaki, ya fasa gilashin taga da hannu. Ta gwada barin sa da maƙwabciya, har ranar da maƙwabciyar ta kira ta a waya tana ihu.

A saman benen da suke haya akwai tankin ruwa mai dogon tsanin ƙarfe. Can ta same shi, a matakin ƙarshe, rana ta gasa masa ƙeya, leɓɓansa sun tsage. Tun safe yake wurin. Mutane sun taru a ƙasa suna ta "Sauko, Baba! Sauko mana!" shi kuwa fuskarsa na jikin tanki yana ta tambayar abu ɗaya da muryar da ta dushe, ba wanda ya gane me yake nufi. Ta kama ƙarfen, ya ƙona mata tafin hannu, ta ce, "An riƙe." Ya sauko lafiya lau, ya dube ta ya ce, "Na gode, baiwar Allah."

Yayanta yana wata ƙasa, taimakonsa ta waya yake zuwa. Da ta fara kawo maganar gidan kula da tsofaffi sai ya hau faɗa: "Ubanmu? Me mutane za su ce?" Bayan maganar tanki sai ya ce, "Ƙanwata, ki yi abin da kika ga ya dace." Ka ji fa. Ya sauke kayan gaba ɗaya a kanta, ya kuma yi mata addu'a.

Tasi ta tsaya a bakin wani gini mai farin fenti. A saman ƙofar akwai allon roba mai fitila a ciki, an rubuta ROYAL da manyan haruffa, kambinsa a miƙe sam. Ta ga sunan tun zuwanta na farko, bai ce mata komai ba, rabin garin ai haka sunansa yake. Tsohon ya ɗaga kai ya ja tsaki.

Shugabar gidan ta tare su da fara'a, mace mai taushin murya da tarin makullai a hannu. Ta gaida tsohon har da rusunawa, ta karɓi jakar, ta shige gaba. Barandar tana warin maganin goge ƙasa. A wani falo tsofaffi sun yi layi a gaban talabijin da aka kashe wa murya, ba mai kallonta.

"Sunan nan namu ba na ado ba ne," in ji shugabar tana buɗe wani ɗaki. "Kamar sarakuna muke riƙe su. A yi musu wanka, a kawo musu abinci har gado, ba sa ɗaga ko tsinke."

'Yar tsohon ta gyaɗa kai. Ga wata ma'anar kuma, ta faɗa a ranta, ta ajiye ta kusa da ta mai aski da ta mai burodi. Ɗakin yana da tsabta. Gado mai ƙarfe a gefe, kujera ɗaya, taga mai raga. Ta jera rigunan a cikin durowa, ta ajiye silifas ɗinsa a inda ƙafarsa za ta same su. Hannayenta suna aiki da kansu, ita tana kallonsu kawai.

Tsohon bai zauna ba. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki rungume da akwatinsa, yana duba bango ɗaya bayan ɗaya.

"Ina allon?"

"Ka ɗan huta tukuna, Baba," in ji shugabar.

"Huta? Ban yi komai ba zan huta? In babu aiki ku faɗa mini." Muryarsa ta fara rawa. Ya kama gefen mayafin 'yarsa. "Baiwar Allah, don Allah mayar da ni gida. 'Yata tana can tana jirana, ƙarama ce, ba ta iya kunna risho."

"Za mu koma, Baba," ta ce. Ƙaryar ta fita sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Shugabar ta ja ta gefe ta rage murya. Rabuwar ita ce mai wuya, in ji ta. Kada ta yi masa sallama, sallama tana tayar musu da hankali. Ta bari sai wani abu ya ɗauke masa hankali, ta sulale. Kuma ta ɗan ja lokaci kafin ta dawo, har ya saba da wurin. Suna cikin wannan magana suka waiga, babu tsoho a ɗakin.

A tsakar gida ta baya suka same shi, wajen igiyoyin shanya. Yana tsaye a gaban wani ɗan ɗakin ajiya, ya ɗaga kai. An toshe tagar ɗakin da wani tsohon allon kwano, tsatsa ta ci gefunansa, shuɗin ya koɗe ya koma toka-toka. Amma haruffan suna nan: mai harbi, ƙwai, mai ɗaga hannu, tsani, malalaci. A bisansu ga kambi, saura kaɗan ya ɓace, ya ɗan karkata hagu.

"Tun ginin yana masaukin baƙi yake," in ji shugabar. "Da muka karɓa muka bar sunan, muka sa sabon allo. Wannan kuma maigadi ya toshe taga da shi."

'Yar tsohon ta dubi ginin da kyau. An ƙara masa bene, an canja ƙofa, an sare bishiyar da ke gaba. Amma nan ne. Nan ne mai masauki ya bugi ƙirji. Ta taɓa tsayawa a ƙarƙashin wannan allon da 'yar rigar makaranta.

"Wa ya bar mini aiki haka?" Tsohon ya ajiye akwati ya buɗe. Muryarsa ta daina rawa, ta koma ta mai sana'a. "Hular ta mutu. A kawo tsani. A kawo fenti ruwan ɗorawa."

Shugabar ta buɗe baki za ta hana. Wani ma'aikacin jinya, ƙato mai sanyin hali da ke kwashe zannuwan gado daga igiya, ya ce akwai ɗan gajeren tsanin da suke canja ƙwan fitila da shi, bai kai ƙirjinsa ba, kuma shi zai tsaya a baya. Maigadi ya ce akwai ragowar fentin da aka shafa wa bakin baranda. Shugabar ta dubi tsohon, ta dubi 'yarsa, ta ɗan ɗaga gira. 'Yar ta gane abin da girar take nufi.

Aka kawo. Tsohon ya juya fentin da tsinke, ya ɗaga ya ga yadda yake zuba, ya ce ya yi kauri amma za a lallaɓa. Ya zaɓi buroshi, ya soke wani a bayan kunne. Ya ɗora ƙafa a matakin farko, fuskarsa na kallon allo.

"An riƙe?"

Ba ta san lokacin da ta matsa ba. Ta dai ga hannayenta a jikin tsanin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙafarta ta dama ta danne gindinsa.

"An riƙe."

Ya hau. Hannun nan da ba ya iya kai kofin shayi baki sai ya zubar da rabi, ya dafa ɗan yatsa a jikin kwano ya ja layi ɗaya, santal, daga gindin kambi zuwa tsininsa. Maigadi ya ce, "Kai!" Tsohon bai kula shi ba. Ya ja na biyu. Warin fenti ya cika tsakar gidan, wani ɗigo ya faɗo mata a bayan hannu.

"'Yar Tsani," ya ce, bai kalli ƙasa ba. "Miƙo mini tsumma."

Ta tsaya kamar an dasa ta. Ma'aikacin jinya ne ya ciro tsumma daga akwatin ya sa mata a hannu, ta miƙa sama.

"Yawwa 'yar albarka. Kin gaji ko? Saura kaɗan. In mun gama zan saya miki alewa, amma kada ki gaya wa yayanki, shi da ya gudu ƙwallo." Ya goge bakin layi, ya yi 'yar dariya. Ya rage murya yadda yake yi in zai yi gulmar mai shago. "Mutumin nan da ya ce miki babu kuɗin cizo, ƙarya yake. Na ga ɗaya a labulensa, ƙato, har da tumbi."

"Haba Baba," ta ce.

"Wallahi. Shi ma ROYAL ne."

Ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, babu wanda ya zo. Abin da ta ji kawai shi ne sanyin ƙarfen tsani a tafin hannunta. Mahaifinta ne a saman nan, shi da kansa, wanda ta yi ta nema a cikin gida ɗaya da shi ba ta samu ba. Tana iya tsayawa. Tana iya jira ya gama, ta ce an fasa, ta kwashe rigunan daga durowa. Amma ta san abin da zai biyo baya. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa zai juyo ya gode wa baiwar Allah. Gobe kuma dole ta tafi kanti, tankin yana nan a saman bene, kuma ba kullum maƙwabciya za ta ɗaga kai a kan lokaci ba.

Shugabar ta taɓa mata kafaɗa. Ta nuna mata ƙofa da ido.

Ma'aikacin jinya ya matso ya sa manyan hannayensa a ƙarƙashin nata. Ta cire na sama. Ta cire na ƙasa. Ta janye ƙafarta a hankali, ya maye gurbin da tasa, tsanin ko motsi bai yi ba. Ta bi ta tsakanin zannuwan da ke shanye, tana taka ƙasa a hankali kada takalminta ya yi ƙara. Ta kai bakin ƙofar baranda ke nan ta ji shi.

"An riƙe?"

Ma'aikacin ya yi shiru. Bai san da shi ake ba. Ya waigo yana kallonta, bakinsa a ɗan buɗe. A sama buroshi ya tsaya cak a jikin allo.

"An riƙe?" Wannan karon da ɗan tsoro a ciki.

"An riƙe, Baba," ta amsa daga inda take.

Buroshin bai motsa ba tukuna. "Ya na ji muryarki da nisa?"

"Kai ne ka yi sama."

"Au, haka ne." Ya tsoma buroshi a gwangwani. "To kada ki saki."

Ta shige baranda. Ta wuce falon masu talabijin, ta wuce ɗakin da silifas ɗinsa ke jira a gaban gado. Shugabar ta raka ta har bakin ƙofa tana faɗin lokutan ziyara da abin da aka yarda a kawo, ita tana ta cewa to. Sai da maigadi ya zare sakata sannan ta juyo.

"Ku gaya wa ma'aikacin nan ya riƙa amsa masa. In ba a amsa ba, ba zai sauko ba, ko zai kwana a wurin."

"Me zai ce?"

"An riƙe."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ya tabbata ya riƙe ɗin."

A waje rana ta take. An manta ba a kashe fitilar sabon allon ba, tana ta ci a banza. Ta tsayar da tasi, ta shiga baya, ta faɗi sunan titin kantin magani, don ta yi alkawarin za ta karɓi aikin yamma. Babu jaka a cinyarta yanzu, babu akwati a ƙafarta, ta rasa inda za ta ajiye hannayenta. Direban ya hango ɗigon ruwan ɗorawa a bayan hannunta, ya miƙo mata tsumman goge gilashi.

"Ga shi, goge kafin ya kama. In ya bushe sai da kananzir."

"Na sani," ta ce.

Ta karɓi tsumman ta riƙe, har suka isa.